Dogon da Ya Tsaya a Paraku

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka riga mu taka wannan hanya, Alhazai da Hajiyoyi, masu motoci da direbobi, 'yan'uwa da suka taso daga Gaya, Doso, Ƙonni, Maraɗi, Kamba, Malanbil, Kandi, Paraku da Kwatano, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya. Mun gode wa Allah da ya nuna mana zagayowar wannan rana. Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

An ɗora mana nauyin yin magana kan tarihin hanyar da muke ci muke sha a kanta. Sai muka zaɓi jirgin ƙasan Kwatano zuwa Paraku, wanda manyanmu suka sani da sunan OCDN, daga baya ya koma OCBN. Matasan da ke zaune a baya can, da yawansu ba su taɓa shigarsa ba. Iyakar saninsu da shi ƙarafan da mota ke tsallakawa a hanyar Bohikon. Mun zaɓe shi ne don an dawo da maganar dogo a yankinmu, ta Maraɗi da ta Doso. In ba mu san abin da ya raya na jiya da abin da ya kashe shi ba, na gobe zai zo ya wuce muna tsaye muna kallo.

Tun kafin a kafa ƙarfe ko guda a ƙasar nan, kakanninmu fatake sun san Borgu. Ayarin goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja yakan ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ta Nikki da Paraku da Jugu, har Salaga. Jakuna da takarkarai ne motocinsu, madugu ne shugaba, zango ne tasha. Su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. Hanyarsu daga gabas take zuwa yamma. Bafaranshe da ya zo, buƙatarsa dabam ce: yana son abin da ƙasa ta haifa ya gangara bakin teku ya shiga jirgin ruwa. Don haka dogonsa ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ya ratsa tsohuwar hanyar fatake a Paraku.

An fara aikin a Kwatano a 1900. Ƙaramin dogo ne, faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita ɗaya. Ya bi ta Pahu, Alada, Bohikon da Dasa, ya isa Sabe kafin yaƙin duniya na farko. Nan ya daɗe a tsaye. Sai a 1936 ya shiga Paraku, kilomita 438 daga Kwatano. Ku lissafa da kanku: shekara 36 ana aiki, abin da ke faɗa wa kowace shekara kimanin kilomita 12 ne kawai. Kuma zamanin aikin tilas ne, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946. Talakawan ƙauyukan da layin ya ratsa su suka sare daji, suka ɗauki ƙasa da dutse a ka. Akwai kuma ƙananan rassa biyu a kudu, ɗaya ya bi ta Wida ya nufi yamma, ɗaya ya bi ta Porto Novo zuwa Pobe. Kayan da aka fara yi wa dogon su ne manja da ƙwarar kwakwa da auduga.

Niyyar tun farko ita ce layin ya kai bakin kogi a Malanbil. Bai kai ba. Kilomita sama da 300 suka rage, har yau suna nan yadda aka bar su. Abin da aka yi maimakon haka shi ne haɗa jirgi da mota. Tun shekarun 1930 hukumar dogon ce ke kula da ɗaukar kaya daga ƙarshen layi zuwa bakin kogi a mota, daga nan a bi ruwa zuwa Yamai in kogi ya cika. Gada ba ta samu tsakanin Malanbil da Gaya ba sai 1958. Kafin nan, jirgin fito ne ke tsallakar da mota.

To, me ya mai da wannan guntun dogo hanyar Nijar, alhali bai taɓa taka ƙasarta ba? Gyaɗa ce. Jirgin Ikko ya riga ya iso Kano, ya fara aiki a 1912, kuma Kano na nan kusa da Maraɗi da Damagaram. Gyaɗar Nijar can take bi. Bayan yaƙin duniya na biyu noma ya ƙaru har jirgin Nijeriya ya kasa kwashewa, buhuna suka taru, aka yi dalar gyaɗar da kowa ya san labarinta. Ga shi kuma kuɗin dako da fam ɗin Ingila ake biya, Nijar kuwa tana ƙarƙashin kuɗin Faransa. Saboda haka a farkon shekarun 1950 Faransawa suka fito da tsarin da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa da Hausa. Mota ta ɗauko gyaɗa daga ƙasar Maraɗi, ta bi ta Ƙonni da Doso da Gaya, tafiyar kusan kilomita 1,000, ta sauke a Paraku. Jirgi ya ƙarasa da ita Kwatano. Motar kuma ba ta komawa wayam: tana loda siminti, kwano, gishiri, sukari, yadi da sauran kayan da jirgin ya hauro da su. Gwamnati ta sa hannu wajen daidaita kuɗin dako don hanyar Dahome ta iya gogayya da ta Kano, duk da ta fi ta wahala. Ba dukan gyaɗar ce ta juya ba, wani kaso ya ci gaba da bin Kano. Amma daga nan aka samu abin da kowane mai mota a ɗakin nan ya san darajarsa: lodi a tafiya, lodi a dawowa.

A 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai, Dahome da Nijar suka kafa hukuma guda ta haɗin gwiwa mai kula da dogon da sufurin da ke biye da shi, ita ce OCDN. Da Dahome ta sauya suna ta koma Benin a 1975, hukumar ta zama OCBN. Wannan abin lura ne, jama'a. Ƙasar da ba ta da ko taku guda na dogo ta zama mai hannun jari a dogon maƙwabciyarta, tana da kujera a wurin yanke shawara. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa. A 1965 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta maye gurbin tsohuwar gadar ƙarfe da ake kai wa kaya da ƙananan kwale-kwale daga jiragen da ke tsaye can cikin teku.

Ga yadda aikin yake gudana, don amfanin waɗanda ba su riske shi ba. Kaya ya sauka a tashar ruwa, a yi masa takardun wucewa na duwan, a loda shi a tarago. Jirgi ya kai shi Paraku, a sauke a sito ko a juye kai tsaye cikin mota. Motoci kuwa layi suke bi, kowa da ranarsa. Bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, kashi biyu cikin uku na kayan Nijar na motocin Nijar ne, kashi ɗaya na motocin Benin. Daga Paraku sai Kandi, sai Malanbil, a haye gada, a tsaya duwan ɗin Gaya. A Doso hanya ta rabu: na Yamai su yi yamma, na Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram su yi gabas. Doka ta ba hukumar fifiko kan kayan Nijar, ta yadda mai son ɗaukar kayansa a mota tun daga Kwatano sai ya nemi takardar izini. Saboda wannan juye kaya ne Paraku ta cika ta batse da masu masauki, 'yan dako, makanikai, masu faci, dillalai da masu sayar da abinci. Akwai kuma jirgin fasinja, na rana da na dare, tafiyar kusan yini guda. Mata 'yan kasuwa sun ci moriyarsa ƙwarai, da doyarsu da garinsu da manjansu, kowace tasha kuma kasuwa ce ta 'yan mintoci.

Tsarin ya gamu da jarrabawarsa ta farko tun yana ɗanye. A ƙarshen 1963 rigima ta tashi tsakanin Nijar da Dahome kan tsibirin Lete da ke cikin kogi kusa da Gaya. Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahome, Dahome ta toshe hanyar kaya. Dogo na nan lafiya lau, kan jirgi na nan da mansa, amma kayan Nijar suka tsaya cik, sai da aka ɗauki watanni ana sasantawa. Maganar tsibirin kanta ba ta mutu ba sai 2005, da kotun duniya ta yanke hukunci ta ba Nijar shi. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Daga baya gyaɗar da ta raya layin ta kwanta. Farin 1973 da 1974 ya bugi manoma, a 1975 cutar gyaɗa ta ƙarasa abin da fari ya bari. Abin da ya tallafi jirgin a lokacin shi ne yuraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, aka ƙara da ma'adinin Akuta a 1978. Ana zuba shi a duro, mota ta kawo shi Paraku, jirgi ya kai shi Kwatano. Farar wuta da sauran kayan aikin ma'adinin kuma su hauro arewa ta hanya guda. Sai dai duron yuraniyom na shekara guda bai kama ƙafar nauyin gyaɗar da ake fitarwa a da ba. Taragu suka riƙa haurowa a cike, suna gangarawa rabinsu iska. Duk mai mota ya san ƙarshen sana'ar da ake cin kuɗin tafiya ɗaya a biya man tafiya biyu.

Sauran dalilan mutuwarsa ba ɓoyayyu ba ne. Da aka gama zuba wa hanyar Kwatano zuwa Paraku kwalta, gingimari ta iya lodi a bakin teku ta sauke a ƙofar sito a Maraɗi, ba juyewa a tsakani. Juye kaya kuwa kuɗi ne, kwana ne, buhu ne da zai fashe, kwali ne da zai yi ƙafa. Kayan da muke ɗauka su ma suka sauya: shinkafa, gwanjo, atamfa, motocin hannu, kayan da ribarsu ke cikin saurin juyawa. Jarin ɗan kasuwa ba ya son kwana. Wanda ya jira tarago mako biyu, maƙwabcinsa ya riga ya sayar ya koma saro. Lissafin da kowa ya yi ke nan, kuma lissafi ne na gaskiya. A ɗaya gefen, ƙarafan sun tsufa, kawunan jirgi suna lalacewa ba a sabunta su ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk wani kayan gyara da ake sayowa daga waje kuɗinsa ya ninka. Rassan kudu su suka fara rufewa. A tsakiyar shekarun 2000 jirgin fasinja ya daina tashi. Na kaya ya ci gaba da jan ciki, ma'aikata suna bin bashin albashi. A 2015 aka miƙa layin ga sabon kamfani mai suna Benirail, OCBN ta zama tarihi.

A daidai wannan lokaci ne aka ɗaga mana rai. A Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016. Shirin shi ne a haɗa Doso da Paraku, a gyara tsohon layi har Kwatano. Amma a Benin akwai kamfanin Petrolin na Samuel Dossou da ya ce shi aka riga aka ba aikin. A ƙarshen 2015 kotu a Kwatano ta ba da umarnin dakatarwa. Aka kuma yi ta gardama kan faɗin dogon, ko a bar shi mita ɗaya irin na da, ko a yi babba irin na zamani. Sakamakon shi ne abin da kuke gani ta tagar mota in kun bar Doso kun nufi Yamai: sabon ƙarfe a kwance gefen hanya, babu jirgin da ke ɗaukar kayan kowa a kansa. Tsakaninsa da Paraku akwai tazarar fiye da kilomita 400.

Ku duba abin nan da kyau. Tsohon dogo bai taɓa shiga Nijar ba, amma ya yi shekaru fiye da hamsin yana ɗaukar kayanta. Sabo yana cikin Nijar, bai ɗauki buhu guda na ɗan kasuwa ba. Ashe ƙarfe kaɗai ba ya zama hanya. Abin da ya raya na farko abu uku ne: kaya a tafiya da dawowa, yarjejeniyar da ƙasashe biyu suka mutunta, da tsarin da ya haɗa tarago da mota har ƙofar mai kaya. Da ukun nan suka warware, jirgi ya tsaya tun ƙarfensa bai gama tsatsa ba.

Mun ce za mu dawo kan labarin 1963. Shekara 60 bayansa, a ƙarshen Yulin 2023, gadar nan ta Malanbil da Gaya ta sake rufewa bayan sauyin mulki a Yamai da takunkumin CEDEAO. Ba mu zo nan don mu raba gaskiya tsakanin gwamnatoci ba, ƙungiyarmu ba ta siyasa ba ce. Amma kowa a ɗakin nan ya san abin da ya gani: motoci jere a Malanbil, kaya na ruɓewa, ana tsallakar da buhuna a kwale-kwale, wasu suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. 'Yan'uwanmu masu bin iyakar Nijeriya sun ɗanɗana irinta daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Da a ce dogon ya kai Yamai, da shi ma a bakin gada zai tsaya. Kuma duk lokacin da aka rufe, wanda bai sa hannu a rigimar ba shi ke biyan kuɗinta.

Kada wani ya ɗauka muna kukan jirgi ne don ƙin mota. Cikinmu akwai masu motoci, kuma a zamanin OCBN ma mota ce ke ɗaukar fiye da rabin tafiyar. Abin da muka rasa shi ne rabon aiki. Siminti, taki, rodi da man fetur kayan dogo ne. Da suka dawo kan kwalta, aka riƙa lodin da ya wuce ƙima, hanya ta farfashe, har ƙasashen UEMOA suka yi dokar kayyade nauyin mota a 2005. Taya da sifirin da muke saye, da kwanakin da muke ɓatawa a shingaye, duk suna cikin kuɗin da mutuwar jirgin ta ɗora mana, mu kuma muna ɗora wa mai saye a kasuwa.

Yanzu ga wani dogon yana tafe ta gabas. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Babban dogo ne, faɗinsa mita 1.435. Tsohon layin Nijeriya mita 1.067 ne, na Benin da na Doso mita ɗaya. Faɗi uku ke nan a yanki guda, tarago ɗaya ba zai hau dukansu ba. Ma'ana, juye kaya zai dawo, kuma garin da ake juyewa shi zai ci irin arzikin da Paraku ta ci. A 1900, a 1959, a 2014, an zauna an tsara hanyar da kayanmu za su bi, ba a taɓa ajiye wa ɗan kasuwa kujera ba. Wannan karon muna son a same mu a shirye, don haka muke roƙon taron nan abubuwa uku.

Na farko, kowane reshe ya buɗe littafi. A riƙa rubuta nauyin kayan da membobi ke haurowa da su da wanda suke gangarawa da shi, irin kayan, da watan da ya fi yawa. Ba sai an sa sunan mai kaya ko kuɗinsa ba, sirrin kowa na nan a rufe. Hukuma ba ta sauraron wanda ya ce “muna da yawa”. Tana sauraron wanda ya ce ga tan kaza na albasa a wata kaza, ga wake, ga dabbobi, ga fatu. Waɗannan su ne gyaɗar yau, su ne lodin dawowa da kowane jirgi zai nema.

Na biyu, mu fara haɗa kaya tun yanzu, tun a mota. Jirgi da tarago yake ciniki, ba da buhu goma ba. In ba mu saba haɗa lodi a ƙarƙashin takarda guda ba, manyan kamfanoni za su kwashe taragun, mai ƙaramin jari, musamman iyayenmu mata, ya koma kallo.

Na uku, shugabanni su rubuta wa hukumomin sufuri da na duwan da kwastan na ƙasashen uku, da murya guda, abin da muke nema: a bayyana kuɗin dako kowa ya sani, a duba kaya sau ɗaya a wuri ɗaya, a tanadi sito da filin motoci a inda dogo ya ƙare, a kuma ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa wakili a duk kwamitin da zai tsara haka. Mu kuma riƙe zumunci da rassanmu na kowace hanya, ta Kwatano, ta Lome, ta Kano, domin wanda ya san hanya guda tak, ranar da aka rufe ta ya zauna.

Akwai ƙarin roƙo ga iyayenmu dattawa. Wanda yake da tsohuwar takardar lodi, ko tikitin jirgi, ko hoton tashar Paraku a ajiye cikin akwati, ya taimaka ya ba sakatare a ɗauki hotonsa a mayar masa. Matasa kuma ku zauna da su ku tambaya: nawa ake biya, kwana nawa ake jira, wa ake gani in kaya ya ɓata. Wannan ilimin ba ya cikin littafin kowace hukuma, kuma za mu buƙace shi ranar da aka kira mu teburin shawara.

Allah ya buɗe hanyoyinmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.